Tambayi Liman: Bayan An Naɗe Tabarmin Asham

Assalamu alaikum, masu karatu. Barkanmu da shan ruwa, Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana. An yi hawan Sallah, an yi hawan Bariki, dawaki sun koma turke, baƙi sun watse. Saƙonnin da suka shigo wannan fili tun daga lokacin kusan duk a kan abu guda suke, wato yadda za a ci gaba da ibada bayan azumi, sai dai kowa da inda abin ya fi ci masa rai. Kamar yadda muka saba, ba na sa sunan kowa, sai unguwa ko sana'a.

Tambaya: Allah gafarta Malam, ni direban Keke Napep ne, ina zaune a Sabuwar Unguwa. A azumin bana ban rasa asham ko ɗaya ba, goman ƙarshe kuma duk na yi tahajjudi. Amma tun 'yan kwanaki da Sallah abin ya fara zamewa, yanzu sai rana ta fito nake sallar Asuba. Na ji wani mai wa'azi a rediyo yana cewa alamar ba a karɓi azumin mutum ba ita ce ya koma gidan jiya bayan Sallah. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Shin ni munafuki ne?

Amsa: Ɗana, munafuki ba ya shiga damuwa don ya makara sallar Asuba, ballantana ya ƙona kati ya turo tambaya. Wannan tsoron da kake ji, akwai sahabin da ya riga ka jin sa. Hanzala, ɗaya daga cikin marubutan Manzon Allah (SAW), ya gamu da Sayyidina Abubakar ya ce masa shi kam ya munafurta, domin idan suna gaban Annabi ana ambaton wuta da aljanna, kamar suna ganinsu da ido, amma da sun koma cikin iyali da gonaki sai su manta da yawa. Abubakar ya ce shi ma haka yake ji. Suka ɗunguma wurin Annabi, ya gaya musu cewa da za su dawwama a kan halin da suke ciki a gabansa, da mala'iku sun riƙa yin musabaha da su a kan shimfiɗunsu da kan hanyoyinsu, amma wani lokaci haka ne, wani lokaci haka. Hadisin yana cikin Sahihu Muslim. Ibnu Abbas ma ya ce Annabi ya fi kowa kyauta, kuma kyautarsa takan fi yawa a Ramadan. To, in ta fi yawa a Ramadan, ke nan akwai watannin da ba ta kai haka ba. Don haka raguwar nafila bayan Sallah ba abin tayar da hankali ba ne.

Amma kada in lallashe ka har in cuce ka. Asuba ba nafila ba ce. Da za ka ce mini ka daina tahajjudi, da na ce je ka abinka. Sallar farilla kake fitarwa daga lokacinta kullum, wannan kuwa sai an tashi tsaye.

Ka lura da wani abu. A watan azumi ba kai ka riƙa tashin kanka ba, gari ne ya riƙa tashin ka. Uwar gida ta farka ta hura wuta, ƙarar tukwane ta cika tsakar gida, yara suna buga gwangwani a lungu suna tashin mutane sahur, lasifika na tashi ta kowace kusurwa. Lokacin asham fasinja ya ɗauke, ko ka ajiye keken ba ka yi asarar komai ba. Majalisa ba kowa, mai shayi ma yana cikin sahu. Ranar da aka ga wata duk wannan taimakon ya janye, aka bar ka kai kaɗai da ƙararrawar waya. A masallacinmu, cikin azumi, sai mun shimfiɗa tabarmi har bakin kwata, mu tare hanya da benci. Mako guda bayan Sallah, in na waiwayo bayan sallamar Asuba, sahu ɗaya da rabi nake gani, mafi yawansu masu furfura. A cikinsu akwai wani dattijo mai wankin hula da ke zuwa da 'yar tocilarsa da butarsa, ya zauna ƙarƙashin agogon bango. Ban taɓa ganin ya shiga i'itikafi ba, tahajjudin ma yakan yi raka'a huɗu ya tafi gida. Amma ka zo cikin watan Safar, ka zo ranar da ake tsuga ruwa kwata ta cika, ka zo cikin hunturu da hazo, a nan za ka same shi. Allah kaɗai ya san wanda ya karɓi aikinsa, amma in koyi kake nema, ga wanda zan nuna maka. Nana A'isha ta ruwaito cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne, Buhari da Muslim duk sun kawo shi.

Asubarka tun da dare take lalacewa. Na san sana'arku: bayan Isha'i a ɗauki na ƙarshe daga tasha, a tsaya wurin mai shayi, a koma gida a kwanta da waya a hannu har ƙarfe 1. Mai wannan tsarin ko ladan a kansa yake kira ba zai ji ba. Ka yanke wa kanka lokacin ajiye keke. Ka yi Isha'i cikin jam'i, kafin ka sa takalmi ka yi shafa'i da wutiri, domin yin wutiri kafin barci yana cikin abubuwa uku da Annabi ya yi wa Abu Huraira wasiyya da su. Wayar ka sa ta caji nesa da shimfiɗa, inda sai ka miƙe tsaye za ka kashe ƙararrawar. Sannan ka samu wani maƙwabci cikin masu furfurar nan ka roƙe shi ya riƙa ƙwanƙwasa maka ƙofa in zai wuce. Kunyar dattijo takan yi abin da ƙararrawa ba ta yi. Sayyidina Usman ya ruwaito, a Sahihu Muslim, cewa wanda ya yi Isha'i cikin jam'i kamar ya yi tsayuwar rabin dare ne, wanda ya yi Asuba cikin jam'i kamar ya sallaci daren gaba ɗaya. Ka ga ladan tahajjudin da kake kukan ya wuce yana nan duk shekara. Ranar da barci ya fi ƙarfinka kuwa, da ka farka ka yi alwala ka yi ta nan take, kada ka haɗa ta da Azahar.

Maganar mai wa'azi nasiha ce da malamai suka daɗe suna yi don zaburarwa. Ba a saukar wa kowa da jerin sunayen waɗanda aka karɓi azuminsu ba.

Tambaya: Malam, ina gaisuwa. Ni matar aure ce a Daura, ina goyon yaro ɗan wata bakwai. Bara ina da ciki na sha azumi 12, ban samu na rama ba har wani azumin ya zo. Bana kuma saboda shayarwa na sha 9. Matan gidanmu duk sun ɗauki Sittu Shawwal tun bayan hawan Magajiya, ni kaɗai ke cin abinci da rana, har kishiyata tana yi mini habaici. In bi su, ko in fara da ramuwa? Kuma akwai ciyarwa a kaina?

Amsa: 'Yata, bashi ake fara biya kafin a yi kyauta. Kwana 21 ke kanki na farilla. A mazhabar Malikiyya makaruhi ne mutum ya ɗauki azumin nafila alhali ana bin sa ramuwa. Akwai malaman da suka sassauta, suna kafa hujja da cewa Nana A'isha takan kai Sha'aban ba ta gama ramuwarta ba, ke nan lokacin ramuwa yana da faɗi. Ban ce ba su da hujja ba. Amma abin da nake gaya wa matan gidana shi zan gaya miki: ki fara da ramuwa. In mutum ya mutu bai yi Sittu Shawwal ba, ba a tambayarsa, ramuwa kuwa ana tambaya.

Batun ciyarwa, Risalar Ibnu Abi Zaidin, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta rarrabe. Mai ciki in ta ji tsoro ta sha, ramuwa kawai za ta yi a zance mafi shahara. Mai shayarwa kuwa, in ta ji wa ɗanta tsoro ta sha, za ta rama kuma ta ciyar da mudu ɗaya a madadin kowace rana. Ke nan kwana 9 na bana, mudu 9. Kwana 12 na bara kuma ya danganta da dalilin jinkirin. In a cikin Sha'aban da ta wuce kina da ƙarfin da za ki rama amma kika yi ta sai gobe sai jibi har aka ga watan Ramadan, to kowace rana da mudunta bayan ramuwar. In kuwa lalurar ce ta zarce, daga laulayi zuwa jego zuwa ƙarancin nono, ba komai a kanki sai ramuwa. Ke kika san jikinki, kuma ba ni za ki yi wa bayani ba.

Mudun nan mudun-Nabi ne, ba tiyar kasuwa ba. Cikin tafin hannu biyu ne na matsakaicin mutum, kashi ɗaya cikin huɗu na abin da kuke fitar wa mutum guda a zakkar fidda-kai. Gero ko dawa ko masara ko shinkafa, abin da gidanku ke ci, kowane mudu a ba miskini ɗaya.

Ba dole ne ki jera ramuwar ba. A 'yan shekarun nan Shawwal cikin bazara take faɗowa, kuma zafin Daura a wannan lokaci ba sai an gaya wa kowa ba. In kin gwada kin ga nono na ɗaukewa, ki dakata har damina ta sauka gari ya yi sanyi, ko ma ki bari hunturu, lokacin da yini ke gajarta. Amma ki sa rana, ki yi alama a kalanda, ku tsara da maigida. In kika ɗauki Litinin da Alhamis kawai, kafin wata uku kin sauke 21 ɗin. Ita kuwa abokiyar zamanki, mai azumin nafila da habaici a baki sai ta duba me ya rage mata ban da ƙishirwa. Amma kada ki kai mata mujallar nan, a ce Liman ya haɗa faɗa.

Tambaya: Akaramakallahu, ni ɗalibi ne a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa. Ranar Sallah mun je gaida kakanmu a Masanawa, na ce gobe zan ɗauki Sittu Shawwal, sai ya ce Imam Malik ya karhanta shi. Na ce masa ga hadisi ingantacce, maganar kowa ba ta gaban ta Annabi, wannan tsohon jahilci ne. Tun ranar ba ya amsa gaisuwata sosai. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Hadisin da kake nufi ingantacce ne. Muslim ya ruwaito shi daga Abu Ayyubal Ansari, cewa wanda ya azumci Ramadan sannan ya bi shi da shida daga Shawwal kamar ya azumci shekara ne. Lissafin a fili yake: aya ta 160 a Suratul An'am ta ce kyakkyawan aiki da goma ake saka shi, 30 ta zama 300, 6 ta zama 60, ga 360.

Shi ma kakanka ba daga kansa ya ƙago ba. A cikin Muwaɗɗa, Imam Malik, wanda ya rayu a Madina har ya rasu a shekara ta 179 bayan Hijira, ya ce bai ga wani daga ma'abota ilmi da fiƙihu yana azumtar su ba, kuma malamai suna tsoron jahilai su liƙa wa Ramadan abin da ba ya cikinsa. Muhtasar na Shehu Halilu ma ya lissafa su cikin makaruhai, ina kyautata zaton a nan tsohon ya karanta. Sai dai masu sharhin Muhtasar, irin su Dardir, sun bayyana cewa karhancin yana da sharuɗɗa: mutum ya kasance wanda ake koyi da shi, ya haɗa su da Sallah kai tsaye, ya jera su, ya bayyana su ga jama'a, yana ganin haɗawar ita ce sunna. In babu waɗannan, babu karhanci. Ni ina yin su, a rarrabe cikin watan, ba tare da shela ba, kuma haka nake ba mutane shawara.

Kafin ka ce tsoron Malik ba shi da tushe, koma ka karanta tambayar da ke saman taka. Mace ce da bashin farilla 21 a kanta, ana yi mata gori don ba ta yi nafila 6 ba, har ta fara tunanin barin wajibi ta bi su. Abin da ya hango ke nan tun a Madina.

Saura kalmar da ka jefi tsoho da ita. Unguwar da ka je ka yi wannan maganar, da sunan Wali Ɗan Masani ake kiran ta, malamin da ya rayu a garin nan na Katsina tun ƙarni na 17, kuma tun daga wancan zamani ba a daina buɗe littafi a zaurukanta ba. Girmama na gaba wajibi ne, Sittu Shawwal mustahabbi ce, ka ga ka zubar da babba wajen kare ƙarami. Ka sayi turare ka je ka durƙusa ka ba shi haƙuri, sannan ka roƙe shi ya buɗe maka Muhtasar ya biya maka wurin, da sharhinsa. Ka zauna a ƙasa ka saurara.

Tambaya: Malam, ni malamar firamare ce a Ƙofar Marusa. Cikin azumi na sauke Alƙur'ani sau biyu. Yanzu an koma makaranta, ga yara ga girki, tun Sallah ban buɗe shi ba. Nakan ce sai na samu lokacin da zan karanta izu biyu a zama ɗaya, lokacin kuwa ba ya zuwa.

Amsa: Malama, ba zai zo ba. Izu biyu a zama ɗaya tsarin hutun azumi ne. Ki sauko zuwa sumuni. Alƙur'ani izu 60 ne, kowane izu sumuni 8, jimla 480. Sumuni ɗaya bai wuce shafi da 'yan layuka ba a bugun Madina mai shafi 604, kafin ruwan shayi ya tafasa kin gama. In kika karanta ɗaya bayan kowace sallar farilla, kafin ki tashi daga kan dardumar, a kwana 96 kin sauke, wato sauka uku da ɗoriya a shekara. In biyar sun yi yawa, ki riƙe na Asuba da na Isha'i. Ki sauko da Alƙur'anin daga saman kabad ki ajiye shi inda kike sallah.

Abdullahi ɗan Amru ɗan As, yana saurayi, Annabi ya ce masa ya riƙa saukewa a wata, ya ce zai iya fiye da haka, ya yi ta neman ƙari. Da ya tsufa sai ya riƙa cewa ina ma ya karɓi sauƙin da aka yi masa. Ranar da karatunki ya kuɓuce da dare, Sayyidina Umar ya ruwaito cewa wanda barci ya ɗauke bai karanta abin da ya saba ba, in ya karanta tsakanin Asuba da Azahar za a rubuta masa kamar da daren ya yi. Kwanakin al'ada ma, a mazhabarmu mace tana iya karanta abin da ta haddace da ka, don haka ba sai zaren ya tsinke ba.

Tambaya: Liman, mu matasa ne a Rafin Daɗi. Cikin azumi mun riƙa haɗa kuɗi muna dama kunu da soya ƙosai muna rabawa a ƙofar masallaci. Muna son mu ci gaba, amma masu ba mu gudummawa sun ce sai baɗi.

Amsa: Allah ya yi muku albarka, ya sa a mizani. Ku gaya wa masu cewa sai baɗi, yunwa ba ta duba kalandar Musulunci. A ƙasar nan lokacin da ta fi cizo shi ne tsakiyar damina, Yuli zuwa Agusta, sa'ad da rumbu ya ƙare, sabon gero bai nuna ba, hatsi ya yi tsada a kasuwa. A Ramadan miskini yakan samu kunu daga gida uku a yini ɗaya, a Agusta ko ɗaya. Ga kuma 'yan'uwanmu da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan Batsari da Jibiya da Safana, suna raɓe a kangwaye cikin birni, yawancinsu mata da yara.

Tukunyar kullum ba za ta ɗore muku ba, kada ku ma fara. Ku yanka wa kanku abin da kowa zai iya ajiyewa duk Juma'a ba tare da ya ji a jikinsa ba, ku sayi hatsi tun kafin ya ƙara hawa, ku zaɓi gidaje kaɗan da kuka san halinsu, mai unguwa da matan unguwa za su nuna muku. Ku kai da dare. Ɗaukar hoton mai karɓa a watsa a Facebook, wannan ni ban ga alherinsa ba, kuma na san matan da suka gwammace su kwana da yunwa da a nuna fuskarsu. Lissafin kuɗin kuwa a rubuta, a karanta wa jama'a duk wata, domin rashin wannan ke kashe irin ƙungiyoyinku.

Masu hali kuma a tuna musu zakka ba ta Ramadan ba ce. Ta kuɗi, ɗaya cikin 40, ranar da shekara ta zagayo wa dukiyar ake fitar da ita, ko a wane wata ne. Ta amfanin gona kuma da girbi take tafiya, kamar yadda aya ta 141 a Suratul An'am ta ce. In hatsi ya kai wusuƙi 5, wato mudun-Nabi 1,200, ɗaya cikin 10 ake fitarwa a noman damina, ɗaya cikin 20 in da inji aka yi ban-ruwa. Ku riƙa zagayawa wurin manoman unguwarku da kaka, ba sai an ga watan azumi ba.

Tambaya: Malam, manomi ne ni daga Sandamu. Na yi niyyar riƙe azumin Litinin da Alhamis, amma ga damina tafe, ba zan iya huɗa da azumi a baki ba. Ina da laifi in na bari?

Amsa: Ba ka da laifi, ɗan'uwa, nafila ce, ciyar da iyali kuwa wajibi. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa duk Musulmin da ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba suka ci daga ciki, sadaka ce a gare shi. Ka shiga gona da niyya, ka tafi da buta, Azahar da La'asar kada su wuce ka a bakin kunya. Ka riƙe ranakun da ba su da yawa amma ladansu ke da nauyi: Arfa, 9 ga watan Babbar Sallah, wadda ke kankare zunuban shekara biyu, sai Tasu'a da Ashura, 9 da 10 ga Muharram. In an kai amfani gida, sanyi ya shigo, sai ka koma wa Litinin da Alhamis ɗinka, ko kwana uku a kowane wata.

Mai tambayar rabon gado daga Ƙofar Sauri, ba ka faɗi ko mahaifiyar mamacin tana raye ba, kuma amsar ta rataya a kan wannan. Ka sake turowa da cikakken bayani, sai mu duba ta a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Wallahu a'alam.